Garin da Muftahu Ya Ƙi Faɗa

Ranar da Muftahu ya fara ganin Mubarika, tana zaune a shagon mahaifiyarta a kasuwar Nima tana ƙulla yaji a leda, hancinta ya yi ja don atishawa. Shi kuwa ya shigo rungume da takardun tambayoyi, ya cusa riga cikin wando kamar mai neman aikin banki. Ɗalibin jami'a ne, yana karanta dabarun kasuwanci tsakanin ƙasashe, kuma bincikensa na ƙarshe a kan yajin unguwannin Zongo yake: yadda yake tashi daga Nima ya kai London da Jidda ba kamfani ba talla.

Ya gaida mahaifiyarta, Hajiya Abibata, da ladabi. Tambaya ta ɗaya da ta biyu suka wuce lafiya, ta uku ce ta ɓata komai.

"Hajiya, a ina kike saro barkonon?"

Duk wanda ya tashi a kasuwa ya san ba a yi wa 'yar kasuwa wannan tambayar. Amma Muftahu ɗan malamin makaranta ne daga unguwar Madina, a littafi ya koyi ciniki.

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Wa ya aiko ka?"

"Jami'a ce, Hajiya."

"Yoo. Ka gaida jami'a."

Mubarika ta toshe dariyarta da gefen mayafi. Wannan dariyar ce ta hana bawan Allah sukuni, sai da ya samo lambarta ya rubuta mata.

"Salamu alaikum. Ni ne mai tambaya ta uku. Ki ba Hajiya haƙuri."

"Ta ce 'yan China suka turo ka leƙen asiri."

"Ke fa, me kika ce?"

"Ina dubawa tukuna."

Dubawar nan ta kai wata biyar. Yakan rako ta daga Nima zuwa gidansu a Maamobi da ƙafa, ko da trotro, bas ɗin haya, na tsaye yana kiran fasinja. Yana ba ta labarin yadda Balarabe ba ya maganar farashi sai an sha shayi, ita kuma tana ce masa, "Chale, abokina, wannan Mma ta san shi tun ba a haife ka ba." Ya fara kiran ta zumata, ba ta hana ba.

Wata la'asar, daɗin hira ya kwashe ta, ta gaya masa abin da ko ƙannen Hajiya ba su sani ba: wata tsohuwa ce a wani ƙauye kusa da Bawku take busar musu da barkonon da hayaƙi. Har sunan ƙauyen ta faɗa. Ni ba zan faɗa ba.

Bayan sati uku, wani yaji ya bayyana a kasuwar Madina cikin kwalba mai kyau. Hajiya ta dangwala ta lasa.

"Wannan barkonona ne," ta ce.

Issaka, direban da ke ɗauko mata kaya daga arewa, wanda ya daɗe yana son Mubarika ba ta kula shi, yana tsaye a bakin shago. "Ai na faɗa, Hajiya. Yaron nan takarda ya kawo, ba aure ba."

Mubarika ta fashe da kuka ta faɗi abin da ta yi. A ranar Hajiya ta rantse Muftahu ba zai ƙara taka mata ƙofa ba.

"Kai ka faɗa?" Mubarika ta rubuta masa.

"Wallahi ban faɗa wa kowa ba, zumata."

"Kar ka sake ce min zuma."

Tana son sa, kuma ba ta yarda da shi ba. Abin ya yi mata ciwo har ta rame. Ta koma karanta tsofaffin saƙonninsa tana neman inda ya yaudare ta, kowace kalma mai daɗi sai ta ga kamar tarko ce.

Zargin ne ya kai ta jami'a ranar da zai gabatar da bincikensa gaban malamai. Ta zauna can baya, ta ja mayafi, tana jiran ta ji sunan ƙauyen a bakinsa.

Da ya gama, babban malamin ya gyara tabarau. "Aikinka ya yi kyau, amma ba ka faɗi inda kayan suke fitowa ba. Kamfanin da zai biya maka karatu a Malaysia wannan yake so. Faɗi sunan garin, gurbin naka ne."

Muftahu ya rufe takardunsa. Shekara biyu yana mafarkin wannan gurbin.

"Na sani, malam. Amma ba a matsayin ɗalibi aka gaya min ba. Ba zan faɗa ba."

Aka ba wani ɗalibi gurbin. Mubarika ta fita ba tare da ya gan ta ba, ta yi kuka a trotro har Maamobi.

Hajiya dai ba ta saki ba. "Ɗan boko ya iya wasan kwaikwayo," ta ce. Da yake tsohuwar mai barkonon ba ta da waya, ta hau motar Bawku da kanta, ba ta gaya wa Issaka ba.

Tsohuwar ta tare ta da murna. "Direbanki ya zo da wani baƙo, ya ce ke kika ce in sayar masa. Buhu shida na ba su."

Hajiya ta dawo ta sallami Issaka, sannan ta aika a kira Muftahu. Ba ta iya ba da haƙuri ba, abin da ta iya shi ta yi: ta zuba masa waakye, dafa-dukan shinkafa da wake, ta cika kwano, ta zauna har ya cinye.

"Ka turo iyayenka," ta ce.

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure a Maamobi. Aka toshe layi da rumfuna, malamai suka yi addu'a, mata suka yi guɗa. Cikin hayaniyar Mubarika ta matso kusa da angonta.

"Masoyi, gaya min gaskiya. Ka yi nadamar Malaysia?"

"Na yi," ya ce. "Kullum nakan tuna. Amma ko gobe aka sake tambayata, amsar ɗaya ce."

Ta kama hannunsa ta riƙe gam a gaban kowa, ko kunyar Hajiya ba ta ji ba. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai riƙon amana.