Baƙon da Ya Kushe Miyar Gida

Ranar da Sabitu ya fara ganin Mawahib, mita yake yi a kan gishiri.

Ɗan Gusau ne, yana karatu a wata jami'a a Khartoum, kuma duk ɗakin kwanan ɗalibai shi ake tambaya inda za a ci kifi mai kyau ko agashe mai yaji. Abin har ya ɗan hau masa kai. Da abokinsa Habibu ya ce akwai matar da ke sayar da abinci a tsakar gidanta a Umbadda, wata unguwa a Umdurman, koriyar ƙofa bayan masallaci, ran Juma'a Sabitu ya tsallake gada, ya wuce shingen sojoji, ya hau raksha, wato keke mai ƙafa uku. Habibu dai ya manta bai ce korayen ƙofofi biyu ne a layin ba.

Ya tarar da ƙofa a buɗe, dattawa a rumfa kewaye da tire suna hira da Hausa.

"Itfaddal, bismillah," in ji wani tsoho mai farin rawani.

Gogan naka ya ja tabarma gefe, ya tafa hannu yadda ake kiran ma'aikaci. Aka kawo asida, tuwon garin, da miyar kuɓewa. Ya kai loma, ya yamutsa fuska.

"Ku ne aka ce kun fi kowa a Umdurman? Miyar nan ba gishiri. A gaya wa mai dafawa."

Wata budurwa ta fito da gishiri a ƙaramin faranti, ta ajiye a gabansa tana cije leɓe don kar dariya ta kuɓuce mata. Ya bi ta da ido har ya manta da miyar. Sai ya juya ga tsohon ya tambayi wa ake biya.

"Ya waladi, ɗana, nan gidana ne. Sunana Jibrin, mai dafawar matata ce. Masu sayarwa suna ƙofa ta gaba."

Sabitu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya miƙe ya bar tiren, ya fice da takalmansa a hannu.

Bayan wasu makonni, yana jiran mota a tashar kasuwar Suk al-Shabi, ya ji murya a bayansa.

"Ya zol, bawan Allah, ka samu gishirin?"

Budurwar nan ce da ta kawo gishiri. Ya sunkuyar da kai. "Don Allah ki rufa min asiri."

"Asirin da duk Umbadda ta sani?" Ta yi dariya, sannan ta sassauta murya. "Malesh, yi haƙuri. Sunana Mawahib."

Kafin motarta ta cika sun karɓi lambar juna. Daga nan saƙonni suka kankama.

"Mawa, na ci kifi yau a bakin Nilu, ban ji daɗinsa ba. Ke nake tunani."

"Baƙona, ka daina yawon gidajen abinci, ka zo ka gai da Baba."

"Ba ni da idon da zan kalle shi da shi."

Gaskiya ya faɗa. Sau da yawa yakan zo har bakin masallacin, ya hango ƙofar, ya juya. Muntasir kuwa, ɗan baffanta mai tuƙa raksha, wanda ya daɗe yana sonta, bai yi wasa da damarsa ba. Ya raɗa wa Sabitu suna Zabun, wato mai ciniki, ya kuma ce wa Baba Jibrin yaron yana yawo da labarin miyarsu yana ba ɗalibai dariya. Da Sabitu ya tura wani malaminsa neman izinin aurenta, amsar gajera ce: ba za a ba shi ba.

"Da gaske kana yi da mahaifiyata a cikin abokanka?" Mawahib ta rubuto.

"Wallahi ko Habibu ban iya gaya wa ba. Kunya ta hana ni."

"To kunyar nan za ta raba mu. Muntasir kullum yana gidanmu, kai kuma kana bakin masallaci."

Juma'ar da ta biyo baya ya shiga. Dattawan nan dai su ne a rumfar, wani har ya raɗa "Zabun ya dawo." Sabitu ya durƙusa gaban tsohon, gumi na zuba.

"Baba, na yi rashin kunya a gidanka. Ban taɓa ba kowa labarin ba, amma laifin farko ma ya isa. Ka yafe min."

"Maganar Muntasir ban ɗauke ta ba, na san abin da yake so," in ji Baba Jibrin. "Gishiri ma ba komai ba ne, ni ma nakan ce babu. Amma tun muna noman auduga a yankin Jazira, baƙo bai taɓa tashi ya bar tiren matata Barira ba sai kai. Ranar ba ta ci komai ba. Ita za ka ba haƙuri."

Hajja Barira ta fito da tire da kanta. Ta ajiye, ta tsaya a kansa. Ya ci a gaban kowa, hawaye na ɗiga, har ya suɗe kwanon.

"Ci a hankali, ba korar ka ake yi ba," ta ce, ta ƙara masa miya.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a masallacin unguwar, malamin nan ya tsaya a madadin mahaifin Sabitu.

Al'adar garin ce uwar amarya ta aika da karin kumallon ango gidan iyayensa. Mata suka ce a bar shi kawai, tunda ba shi da kowa a nan. Hajja Barira ba ta saurare su ba. Ta cika mota da tire-tire, ta tsallake gada har ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai. Mai gadi ya tambaye ta ina uwar angon da za ta karɓa.

"Uwarsa tana Gusau," ta ce. "Ni na dafa, ni zan karɓa. Kira min ɗana."

Sabitu ya fito ya durƙusa a gabanta. Ta dafa kansa.

"Allah Ya yi muku albarka kai da Mawahib, Ya sa tukunyarku ta ishi baƙo."

Ɗalibai suka amsa da amin, suka fara shimfiɗa tabarmi.