Bijimin Amana

Ranar kasuwar Gangara, da hantsi, wani makiyayi mai suna Dodo ya kai ƙara. Bijimin da ya bar wa Malam Tasi'u amana ya ɓace.

Insifekta Nomau ya zo da jandarma, ya duba turken. Ba a yanke igiya ba. An kwance ta, an naɗe, an rataye a reshen bedi. Ɓarawon kasuwa ba ya da wannan ladabi.

A garin an ce Malam Tasi'u bai taɓa ƙarya ba. Irin mutanen nan da ake yabo a fili, ana jiran ranar da za su zame.

"Malam, ka ga wanda ya kwance shi?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Wa ye?"

"In na faɗa na yanke zumunta. In na ce ban sani ba na yi ƙarya."

"In ka yi shiru kuma kai zan kulle. Dodo fa? Shi ba ya da hakki?"

Malam ya sunkuyar da kai, ya miƙo hannuwa.

Nomau ya ƙyale shi. Zumunta, in ji Malam. Wa ɗaya gare shi, Chindo, gidansu katanga ɗaya. Nomau ya iske shi yana share amalanke. A ƙofarsa igiyar guga na rataye, da irin naɗin nan.

"Tun safe ina Gazawa," in ji Chindo.

"Kana kiwo?"

"Ko akuya ba ni da ita."

"To wannan harawar da ke amalankenka, kai ke ci?"

Sawun amalanken ya kai su bukkar gona, har da Chindo. Ga bijimi a ƙoshe, har da ruwa a gabansa.

"Ranar kasuwa, ba ka sayar ba. Don mi?"

Chindo ya yi dariya mai ɗaci. "Sayarwa? A gabansa na kwance shi, yana kallona! Shekara arba'in ana ce mini, 'Dubi ƙanenka.' Na ce yau ko ya yi ƙarya ko ya tona ni, mu zama ɗaya. Wanne ya yi?"

"Ko ɗaya."

Da jandarma suka fito da Chindo, Malam Tasi'u na tsaye a hanya, yana hawaye.

"Yaya, ban faɗi sunanka ba."

Chindo bai dube shi ba.

"Na sani. Ƙarya ɗaya tak ba ka iya yi mini ba."