Sharar Gindin Giyayya

Tun da hantsi Malam Jelani ya kwaso ɗaliban sakandare daga Wurno zuwa bakin Madatsar Goronyo. Shi ya kafa musu ƙungiyar kare muhalli, shi ya yi ta naci har makaranta ta ba su mota. Yaran sun ga shamuwa da balbela, sun ga yadda ake kora ruwa cikin gonakin albasa. Bayan la'asar sai ya raba musu buhuna.

"Duk abin da ba tsirowa yay yi ba, ku kwashe shi," in ji shi.

Malama Azumi, wadda ta rako 'yan mata, ta yi dariya. "Kai dai Malam, duk karatun jami'a ga shara yaƙ ƙare?"

Cikin 'yan matan, Turai ta fi kowa himma. Ta yi nisa har gindin wata tsohuwar giyayya da rabin saiwarta ke cikin ruwa. Ta dawo da leda da gwangwanaye, da wata baƙar ƙwarya, da farin ƙyallen da ta kwance daga reshe. Jelani ya sa aka yi mata tafi. Aka tara shara aka cinna mata wuta, har da ƙyallen. Ƙwaryar kuwa ya ware ta, wai zai nuna a aji.

Ba su yi nisa da madatsar ba Turai ta fara tari.

Da farko an ɗauka hayaƙi ne. Sai ruwa ya biyo tarin, kore shar, da gansakuka a ciki. Ƙarnin kifi ya cika motar. Hijabinta ya jiƙe sharkaf, alhali ko digo ba a zuba mata ba. Direba ya taka birki.

"Turai! Mi yas same ki, ɗiyata?" Malama Azumi ta rungume ta.

Yarinyar ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce.

"A mai da min ƙwaryata."

Ruwa ya sake ɓulɓulo mata ta hanci. Tana nutsewa a kan kujerar mota, a gabansu.

"Malam, wagga ba shara ba ta," Malama Azumi ta ce da raɗa. "Ajiyar wasu ta. Ruga! Ni ina riƙe da ita."

Jelani ya fizgi ƙwaryar ya dira. Mota ba za ta iya juyawa a kan siririyar hanyar ba, sai ya yanki gonaki da gudu.

Rana ta faɗi. Daga can ƙauyen Rimawa ana kiran magariba, iska na kawo shi guntu-guntu. Masu ban-ruwa duk sun tashi. Kwaɗi kaɗai ke kuka.

Da ya hango giyayyar, kwaɗin suka yi tsit.

Ƙwaryar ta yi nauyi a hannunsa. Ya duba. Cike take da nono, mai ɗumi, har yana zuba a yatsunsa.

Ya yi bisimilla. Bakinsa ya ƙi ƙarasa ayar da ya fara. Ya taka cikin taɓo, ya durƙusa, ya ajiye ƙwaryar tsakanin saiwoyi.

Ya juya zai tafi.

"Ina zanena?"

Daf da kunnensa. Numfashin sanyi ƙalau, da warin laka.

"An... an ƙone shi, Inna. Kuskure na. Ni nas sa."



Babu iska, amma ruwan ya motso. Ya rufe idon sawunsa. Ya hau ƙwaurinsa.

"To a bar min ɗiyar."

"A'a! Don Allah!"

Bai san lokacin da ya tuɓe farar rigarsa ba. Ya miƙa hannu ga reshen, ya naɗa ta. Ya ƙulla. Ƙullin ya kwance. Ya sake. Ya sake kwancewa.

Ruwa ya kai gwiwa.

Sai wani hannu ya zo ta bayan kafaɗarsa. Dogo, jiƙaƙƙe, fatar ta yi yaushi kamar ta daɗe a ruwa. Ya ɗora yatsa ɗaya a kan ƙullin, ya danne masa.

Jelani ya ɗaure rigar.

Bai waiwaya ba. Ya fizge ƙafafunsa, taɓo ya riƙe takalman, ya bar masa su. Yana gudu yana jin ana shan nono a bayansa, a hankali, ƙwat, ƙwat.

Ya isko motar daga shi sai singileti, ƙaya ta yayyage masa tafin ƙafa. Turai na zaune tana kuka da muryarta ta yara, tana tambayar wa ya jiƙa mata hijabi.

Ta warke sarai, ba ta tuna komai ba. Ƙungiyar ma ba ta mutu ba, sai dai yanzu kafin a taɓa ko tsinke a bakin ruwa, sai an tambayi masuntan wurin.

Su masuntan ne suka kawo labari Wurno. Sun ce da magariba sukan hangi wani tsaye cikin ruwa a gindin giyayya, sanye da farar riga mai aljihun biro. Tsayin Malam Jelani, tsayuwar Malam Jelani. Ran nan har ya ɗaga musu hannu, ya tambaye su yaushe yara za su dawo.