Buhu Goma Sha Uku

Ranar da ya fara ganinta, bakin tef ɗin awo ta riƙe masa. Shagon kayan gini da yake wa aiki ne ya aiko shi auna tagogin sabon ɗaki a gidan wani tsohon magini. Tef ɗin ya yi ta zamewa. Autar gidan ta ajiye tsintsiya, ta danna shi a bango.

"Ja mana, malam. Ko lambar ma sai na karanta maka?"

Ya ja tef ɗin, ya rubuta lambar. Amma daga ranar, duk abin da ya auna sai ya tuna da ita.

Mahaifinta kuwa kallo ɗaya ya yi masa ya raina shi, ya raɗa masa suna Mai Tef.

"Shekara arba'in ina gini, idona ne ma'aunina. Wanda sai ya ciro biro kafin ya san yashi, shi zai riƙe min 'ya?"

Baba yana da nasa zaɓin, wani ɗan kwangila mai farar hular kwano da ba ta taɓa shan ƙura ba. Abin da ya ƙware a kai shi ne "haka ne, Baba".

Wata yamma Mai Tef ya hango Auta tsaye a jikin motar mutumin. Ya juya, ya tura mata saƙo:

"Na gani. Allah ya sanya alheri."

Amsa ta zo nan take:

"Sarkin fushi. Ruwa Baba ya sa na kai masa. Mutumin da bai san kan shebur da gindinsa ba? Haba, Malam Tef ɗina."

Da lokacin zuba kankaren daɓen ɗakin ya yi, Baba ya kira su biyun. Tsawo mita huɗu, faɗi uku da rabi, kauri inci huɗu. Buhun siminti nawa?

Ɗan kwangila ya taka ɗakin yana kaɗa makullin mota. "Takwas."

"Tara," in ji Baba.

"Haka ne, Baba, tara."

Wayar Mai Tef ta motsa a aljihu, saƙon Auta ne:

"Duba kusurwar baya, masoyi. Kullum nan ruwa ke kwanciya, ni ke sharewa."

Ya ɗaura zare daga bango zuwa bango, ya durƙusa ya auna zurfi a wuri biyar. A kusurwar, inci bakwai ne, ba huɗu ba. Ya buga lissafi, ya ƙara kaɗan saboda abin da zai zube.

"Goma sha uku."

Ɗan kwangila ya tuntsire da dariya. Baba ya taɓe baki.

"Gada za ka gina min? Tara zan saya. In ta isa, kada na ƙara ganin ƙafarka a ƙofar gidana."

Ranar aiki, rana na tsaka buhu na tara ya ƙare. Kusurwar baya tana nan baki buɗe. Kankaren da aka zuba ya fara kamewa, kuma Baba ya fi kowa sanin in aka bari ya bushe kafin a ƙarasa, mahaɗar tsagewa za ta yi.

"Leburorin nan ne suka yi ɓarna," in ji ɗan kwangila. Ya kara waya a kunne, ya nufi mota. Wayar ko ƙara ba ta yi ba.

Sai ga baro yana shigowa, buhu huɗu a kai, Mai Tef yana turawa. Tun safe yake bakin titi da su. Ya naɗe hannun riga ya ɗauki shebur, bai kalli kowa ba.

Da aka shafe daɓen, Baba ya leƙa buhun ƙarshe, ya ja tsaki.

"Rabi ya rage. Lissafin banza."

Auta ta sunkuyar da kai. Mai Tef ya ɗauki baronsa zai fita, Baba ya tsayar da shi.

"Ina za ka? Ka ce wa manyanka su zo."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Ranar da amarya za ta tare, Baba ya dafa kanta, ya dafa na ango.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Suka amsa da amin. Auta ta matso ta raɗa wa mijinta, "Kar ka manta wa ya gano kusurwar."

Har sun kai ƙofa Baba ya yi gyaran murya, idonsa a wani wajen.

"Kai, Mai Tef. Bar min tef ɗin nan, akwai abin da zan duba."