Kunkuru a Wasan Minti Ɗaya

Da misalin ƙarfe huɗu na yamma, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, mai askin bakin layi ya faɗo shagon gyaran waya a jiƙe sharkaf, yana huci. Ya dangwarar da wayarsa a kan tebur, gilashinta duk ya tsattsage.

Tsohon mai gyara ko ɗago kai bai yi ba. 'Yarsa ce ta ɗauki wayar ta danna, sai ga allon darar Turawa, wato ces, ta cikin tsagar.

"Faɗuwa ta yi?"

"Faɗuwa ta yi," in ji shi.

"A jikin bango?"

Ya kau da kai. Ta duba allon ta taɓe baki. "Ga sarauniyarka, ga dawakinka biyu, amma lokaci ya cinye ka. Wasan minti ɗaya kake yi, kana tunani kamar mai zaɓen matar aure. Sannu, Kunkuru."

Maganar ta ƙona masa rai, amma idonsa ya ƙi barin fuskarta.

Shi dai mutum ne mai sanyi. Yana iya ɓata rabin awa a kan gemu ɗaya. Amma da ya kama waya, agogon wasa ya fara gudu, sai ya koma wani daban. Kafin ya bar shagon, ya roƙi lambarta, wai don ta riƙa gyara masa wasa.

"Kunkuruna, daina neman motsi mafi kyau," ta rubuto masa. "Nemi wanda ba zai kashe ka ba, ka tura. Ka yi tunaninka sa'ad da agogon abokin karawarka ke tafiya."

"To Malamata. Amma yau ma wani ɗan rainin hankali ya cinye ni, har ya turo mini fuskar dariya."

"In an ci ka biyu a jere, kife wayar, je ka wanke hannu. Kar ka danna a sake."

Ta kuma koya masa ajiye motsi tun abokin karawa bai taɓa nasa ba, na'ura ta tura da kanta. Makinsa ya dinga hawa, soyayya ma haka. Sai ya tura yayansa wurin tsohon neman aurenta.

Tsohon ya ajiye sukundireba. "Na fi ku sanin ƙaninka. Hannun nan nawa ya gaji da canja masa gilashi. Wanda sojan cikin waya ya sa shi jifan bango, ranar da gishiri ya yi yawa a miya fa? 'Yata ba ta da gilashin canji."

Ana cikin haka, wani da ya zo aski ya tsegunta masa cewa mai shagon kayan lantarki, mai motar nan, yana zarya gidan su yarinyar. Mai aski ya ƙarasa askin. Ya zauna ya rubuta saƙo mai zafi, ya ajiye shi yana jira. Can sai ga nata:

"Mai kayan lantarki ya zo wurin Baba yau,"

Bai jira ba, ya danna. "Allah ya sanya alheri. Dama kunkuru ba ya tsere da mai mota. Ki goge lambata."

Nasa na fita, sauran nata na shigowa: "na ce masa ina da wanda nake jira."

Sai na uku: "Ka tura motsi ban gama nawa ba. A allo na koya maka, ban ce ka yi da ni ba."

Daga nan ɗif. Ya kira har ya gaji. Ranar da ya kasa daurewa, ya rufe shago ya je ya tsaya a gabansu, ita da tsohon.

"Me aka fasa kuma?" in ji tsohon.

"Fito da wayarka," ta ce, fuskar nan a murtuke. "Tunda sauri kake ji."

Suka kara. Ba ta tausaya masa ba. A wasan farko ya ajiye motsi, ta kauce, ta ɗauke sarauniyarsa a banza. A na biyu yana gab da kama sarkinta, agogonsa ya mutu.

"Kunkuru dai kunkuru ne," ta ce. "Sai a wajen zargi yake da gudu."

Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ga bango nan kusa, hannunsa har ya ɗaga. Tsohon ya zuba masa ido ta saman tabarau.

Ya sauke hannun a hankali, ya kife wayar a kan tebur kamar mai ajiye ƙwai.

"Baba, ina famfo?"

Ya je ya daɗe yana wanke hannu. Da ya dawo, ya ce da ita, "Na yi laifi, Malamata. Nan gaba sai kin kai aya zan yi magana."

"Za mu gani," ta ce, tana ɓoye murmushi.

Tsohon ya ɗauki wayar, ya haska ta da fitilar aiki, ya juya gaba da baya. Babu tsaga. Ya tura masa ita. "Ka ce wa yayan naka ya dawo."

Ranar ɗaurin aure, tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku riƙa jiran juna." Jama'a suka amsa da amin.

Ango na ta gaisawa da mutane, ya manta wayarsa a kan benci. Tsohon ya ɗauka, ya zaro wata rigar roba mai kauri daga aljihunsa ya saka mata, ya mayar inda take. Sai ga saƙon amarya ya shigo: "Kunkuruna, shirya, yau ma sai na ci sarauniyarka." Ango ya dawo ya ɗauka yana karantawa yana dariya, bai ko lura da rigar ba. Tsohon ya cusa ledar rigar a aljihu, ya koma cikin baƙinsa.