Mai Daddawa da Tukwane Biyu

A can da, a wani gari, an yi wata mai daddawa. Daddawarta ta fara ɗaci, masu saye suka watse. Ta bi gida-gida tana cewa, "Ruwan rijiyar maƙwabciyata ne ya ɓata mini sana'a."

Maƙwabciyar ta ce, "Yaya, wannan hasashe ne. Kin gwada?"

Sai mai daddawar ta yi gwaji. Ta girka tukwane biyu, kalwa iri ɗaya, wuta ɗaya, ruwa kawai ta bambanta. Bayan kwana uku ta ɗanɗana. Ta ruwan rijiya ɗaci, ta ruwan rafi ɗaci.

Ta maimaita gwajin, amma ƙwaryar da take rufe kalwar da ita kawai ta sauya da sabuwa. Ɗaci ya tafi.

Ta daɗe tana kallon tsohuwar ƙwaryarta. Sannan ta ɗauki mayafi, ta sake bin gida-gida tana faɗin sakamakon.