Baƙon da Ya Shigo ta Sama

A cikin zogalen babanta Tahira ta fara ganin abin, ya faɗo yana karkarwa kamar farar da ta sha magani. Ta ɗauko shi da gefen mayafi. Sai ga wani saurayi da gudu ta bakin magudanar ruwan Jiratawa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya bar wa laka.

"Don Allah kar ki jefa shi ruwa, duron ne, ba shi cizo."

"To mi yake nema cikin zogalenmu?"

"Wallahi sai yanzu na gane abin da ya hango," in ji shi, yana kallonta.

Inusa ke nan, mai gyaran waya a Sabon Gari, wanda ranar Lahadi ba shi da aiki sai tashin ɗan jirgin nan mara matuƙi. Har takardar izini gare shi, kuma ya haddace dokokinta kamar karatun allo: ban da kusa da filin jirgi, ban da barikin soja, ban da bisa gidajen mutane.

Wata shida suka yi suna ɗinkewa. Yana ce mata Tantabarata, tana ce masa Matuƙina. Malam Idirisa, mahaifinta, har ya sa ranar da magabatan Inusa za su kawo gaisuwa.

Amma so, in ya cika, yakan fita da wayon mutum. Saura kwana tara, Inusa ya ɗaura 'yar kwalbar turare a ƙasan duron, ya tsaya bayan gari, ya aika shi gidansu Tahira. Da ya duba wayarsa, ba ita ya gani a tsakar gida ba. Inna Fasuma ce, mahaifiyarta, kai ba ɗankwali, tana tuƙa tuwo. Nan take ya kife wayar a ƙirji. Jirgin kuwa ya jima yana shawagi kafin ya tuna ya kira shi.

Unguwa duk an gani. Kafin la'asar magana ta yi ƙafa: surukin Malam Idirisa yana leƙen matan gida ta sama.

Washegari Inusa ya durƙusa a zaure, ya ajiye ɗan katin da ke ɗauke da hoton da jirgin ya ɗauka.

"Baba, ga memuwar ɗin. Na rantse ban sake kallo ba."

Malam Idirisa ya jefa katin a aljihu bai ko dube shi ba.

"Yaro, ko akuya ta ƙofa take shigowa. Wanda ya shigan mini gida ba sallama, ba shi shigo mini da goro. Tashi ka tahi."

Inna Fasuma tana ji daga ɗaki. Tahira 'yar fari ce, ko sunanta ba ta iya faɗa, balle ta sa baki a zancen aurenta. Kunya ta ɗaure mata harshe, ta bar 'yarta da kuka.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Tahira.

"Tantabarata, doka uku na sani, kuma wadda ta fi tsada na taka. Na kulle jirgin a akwati. Ki yafe mini."

Ta amsa: "Matuƙina, na yahe. Amma ba ni aka yi wa ba. Kar ka ƙara kirana sai Baba ya yarda."

Ya bi maganarta, kuma bin ya fi masa komai ciwo. Ya rame har abokan aiki suna tsokanarsa ko batirinsa ne ya lalace. Ita ma Tahira zogale ya ishe ta kallo. Wani Ilyasu, ɗan 'yan kasuwar Tsibiri, ya yi ta zarya da mota, tana fitowa don ladabi, tana komawa da jan ido.

Cikin damina zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke Inna Fasuma.

Inusa ya zo jana'iza, ya tsaya sahun baya, ya koma gida. Bayan addu'ar arba'in aka shiga neman hotonta a gidan. Babu. Mace ce da ke gudun kamara, ko a biki sai ta ja mayafi. Malam Idirisa ya zama ba ya cin abinci, kullum yana zaune yana kallon murhu.

Ran nan ya aika a kira Inusa. Ya miƙa masa katin.

"Sa mini wanga. Kai ka juya baya."

Inusa ya sa a waya, ya ba shi, ya juya yana fuskantar bango. Tahira ta tsaya a bakin ƙofa. Hoton ba shi da sauti. Ga Inna Fasuma ta ɗaga kai, ta yi turus, sai ta hango kwalbar turaren tana lilo. Ta fashe da dariya har ta riƙe ciki, ta ɗaga muciya sama, bakinta ya motsa.

Sau uku tsohon ya sa aka maimaita. Hawaye na bin gemunsa.

"Shekara ashirin da bakwai ina karanta bakin matar nan," ya ce da kyar. "Kun san mi ta ce? 'Wa alaikumus salamu, maraba da baƙo.' Kai ba ka yi sallama ba, ita ta amsa maka. Kunya ce ta hana ta hwaɗa mini."

Tahira ta zame ta zauna a ƙasa tana kuka. Inusa bai juyo ba sai da aka ce ya juyo.

Bayan girbin gero aka ɗaura aure a wannan zauren, ba kiɗa ba guɗa mai yawa. Abokan ango suka so a tashi duron a ɗauki taro, Inusa ya ce a bar shi a akwati. Da zai shiga gaida surukinsa, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama da ƙarfi har sau uku.

"Shigo, ɗana," in ji Malam Idirisa. "Allah shi yi muku albarka. An daɗe da amsa maka."